Gwani da Jagora: Tafiyar Zamiya a Tsaunukan Alps

Gabatarwa

A ƙasashen Turai masu manyan tsaunuka akwai wata sana'a da ta daɗe tana ba ni mamaki, watau sana'ar yi wa masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara jagora. Abin mamakin kuwa shi ne, waɗanda suka fi neman jagoran gwanaye ne, mutanen da suka yi shekara goma ko ashirin suna wasan. Su ne za su tara kuɗi, su baro ƙasashensu, wani daga Amurka, wani daga Ingila, wani daga Japan, su zo su miƙa wuya ga mutum guda ya ja su har mako ɗaya. In da za a gwada gudu a gangare, wani daga cikinsu ma yana iya tsere wa jagoran. To, me suke biya ke nan?

Wannan tambaya ce nake so in tattauna a cikin wannan ɗan rubutu, kuma ba ji na yi ba, gani na yi. Na zauna a birnin Grenoble na ƙasar Faransa daga 2019 zuwa 2023 ina karatun kimiyyar harshe. Gari ne da tsaunuka suka kewaye ta kowace fuska, kuma abokan karatuna ba su bar ni na huta ba sai da suka koya mini wasan. A watan Afrilu na 2023, gab da komowata gida, na bi wani jagora tare da mutum biyar, muka yi tafiyar kwana shida daga Chamonix, wanda ake furtawa Shamoni, a Faransa, zuwa Zermatt a Suwizalan. Abin da na gani a wannan tafiya shi ne jigon bayanina.

Kalmomi Tukuna

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi, tun da yake abin da za a yi magana a kai ba a ƙasar Hausa yake ba. Bahaushe ya san ƙanƙara, wadda kan zubo tare da ruwan sama ta kakkarya shuka. Wadda ke sauka a ƙasashen sanyi kuwa ba ta da nauyi, ba ta da ƙara, don haka aka kira ta dusar ƙanƙara. Wanda ya fara laƙaba mata wannan suna ya iya kallo, domin in ta sauka sabuwa sai ka ɗebe ta a tafin hannu ka hura ta tashi kamar dusar gero. Abin da ake zamiya da shi iri biyu ne. Akwai katakai biyu dogaye sirara, ɗaya a kowace ƙafa, waɗanda zan kira katakan zamiya. Akwai kuma allo guda faffaɗa da mutum ke tsayawa a kai da ƙafa biyu a karkace, shi ne allon zamiya.

Wasan kansa ma iri biyu ne, kuma a nan rabon da Bahaushe ya yi wa dabbobi zuwa na gida da na dawa ya yi mana amfani. Zamiyar gida ita ce wadda ake yi a filayen da kamfanoni suka gyara: injuna sun daddaɓe dusar, an kakkafa tutoci, kujeru masu tafiya a jikin igiyar ƙarfe suna kai mutum sama, ma'aikata kuma sun riga sun tayar da nakiya tun da asuba sun zubar da duk dusar da ke barazanar ruftowa. Zamiyar dawa kuwa ita ce a bar wannan duka a shiga tsauni yadda aka halicce shi. Babu kujera, da ƙafarka za ka hau. Ana manna wa cikin katakan wani ƙyalle mai kwantaccen gashi, wanda a dā da fatar wata dabbar teku ake yin sa, yanzu kuwa da gashin akuya ko nailan. Gashin yana barin katako ya zame gaba, ya hana shi komawa baya. Masu allo kuma suna da irin wanda ake rabawa biyu a hau da shi, in an kai sama a haɗe. Ni kaina annobar korona ce ta tura ni dawa, domin a hunturun 2020 zuwa 2021 gwamnatin Faransa ta rufe kujerun hawa, duk mai son zamiya sai ya taka.

Hanyar da Masu Jan Ta

Hanyar da muka bi ta fi kowace suna a wurin masu zamiyar dawa. Da Faransanci ana ce mata Haute Route, watau Hanyar Bisa. Tana farawa daga gindin Mont Blanc, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Alps, sama da mita 4,800, ta ƙare a gindin Matterhorn mai mita 4,478. Turawan Ingila masu hawan dutse ne suka fara ratsa ta da ƙafa a lokacin zafi, a tsakiyar ƙarni na 19, sa'an nan a 1911 aka fara gama ta a kan katakan zamiya. Lokacinta daga Maris ne zuwa farkon Mayu.

Zango-zango ake yin ta. A kan duwatsun an giggina gidajen kwana, kowane da mai tsaronsa da ke dafa wa baƙi abinci. Mu mun kwana a Argentière, da Trient, da Prafleuri, da Dix, da Vignettes. Don mai karatu ya gane tsawon wurin, dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Zangon Vignettes kuwa ya haura mita 3,100, kuma can ake kwana. Tun duhun asuba ake fita da fitilar goshi, domin in rana ta take sai dusar ta jiƙe ta yi nauyi, gangaren da ke da aminci da hantsi ya zama abin tsoro da azahar. Yawancin tafiyar kuma a kan daskararrun koguna ake yin ta, watau ƙanƙarar da ta taru shekaru aru-aru tana gangarowa a hankali tana tsattsagewa. Wata tsagar takan kai zurfin mita 20 ko 30, dusa ta rufe bakinta kamar yadda maharbi ke rufe ramin tarko da ciyawa.

Masu jan hanyar suna da tsohon tarihi. A 1786 ne mutum biyu 'yan Shamoni, Jacques Balmat da likita Michel Paccard, suka fara kai ƙololuwar Mont Blanc. A 1821 jagororin garin suka kafa ƙungiyarsu, wadda har yau tana aiki. A 1965 jagororin Faransa da Italiya da Suwizalan da Ostiriya suka haɗa ƙungiya ta duniya, wadda shaidarta ita ce mafi girma a sana'ar, kuma mutum ba ya samun ta sai bayan horo da jarrabawa na shekaru.

Duk wanda ya karanci tarihin fatauci ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba yara ba ne, da yawansu sun sha bin hanyar, amma ba su tashi sai a ƙarƙashin madugu uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya. Madugu shi ke faɗin ranar tashi da wurin yada zango, kuma in ya ce a tsaya, ko attajirin da ya fi kowa jakuna sai ya tsaya. Bambancin kawai shi ne, madugu yana iya sasantawa da sarkin da ya tare hanya ya biya kuɗin fito a wuce. Jagoran tsauni kuwa ba shi da wanda zai roƙa.

Abin da ke Ƙarƙashin Ƙafa

Gwanin zamiya ya san saman dusa, jagora kuwa cikinta ya sani. Dusar da ke kan tsauni ba dunƙule guda ba ce. Kowace zuba tana barin nata shimfiɗi. Iska ta daddaɓe wani, rana ta narkar da wani ya sake daskarewa, tsananin sanyi ya mai da wani ƙwayoyi-ƙwayoyi kamar sukari, waɗanda ba su manne da juna. Saboda haka tsauni yana ɗauke da tarihin hunturu kaf, shafi a kan shafi, kuma shafin da aka rubuta a Disamba yana iya kashe mutum a Maris. In mai karatu yana son ya gane yadda abin ke faruwa, sai ya ƙaddara an baza gero a kan gangaren fā, aka kwantar da ƙyaure a kai. Ƙyauren yana nan zaune lafiya har ranar da aka taka shi. Haka dusar da iska ta daddaɓe take zama a kan shimfiɗi mai rauni. Nauyin mutum guda ya isa ya karya raunin, tsaga ta ruga ta ratsa gangaren cikin ƙiftawar ido, faifai mai faɗin filin ƙwallo ya taho da mutumin a tsakiyarsa. Wannan ita ce zaftarewa.

Yawancin irin wannan zaftarewa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45 take aukuwa. A nan matsalar gwani take, domin wannan karkata ita ce ta fi daɗin zamiya. Ɗan koyo ba ya zuwa wurin, tsoro ya tsare shi; gwani ne ke da ƙafar da za ta kai shi. Bincike ya nuna cewa a kusan kashi 90 cikin 100 na haɗurran, wanda abin ya ci ne, ko wani a cikin ayarinsa, ya tayar da zaftarewar, kuma a tsaunukan Alps kimanin mutum 100 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara.

Don haka kowa a ayari yana ɗaure da wata 'yar na'ura a ƙirji mai aika alama, yana kuma ɗauke da shebur da doguwar sanda mai naɗewa ta lalube. In dusa ta binne mutum, sauran su juya na'urorinsu zuwa nema, su lalubo shi, su tona. Cikin waɗanda aka tono a minti 15 na farko, wajen tara cikin goma kan rayu. In an kai minti 35, wajen uku ne cikin goma. Jirgin ceto da wuya ya iso a cikin wannan ɗan taƙi, saboda haka ran mutum a hannun abokan tafiyarsa yake. Ranar farko jagoranmu bai bar mu mun hau ko'ina ba sai da ya binne jaka ya sa kowa ya nemo ta, shi kuwa yana duban agogo.

Har ila yau, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Suwizalan tana fitar da sanarwar haɗari sau biyu a rana, bisa ma'auni mai hawa biyar da ƙasashen Turai suka amince da shi a 1993. Abin lura shi ne, wajen rabin masu mutuwa a hawa na uku suke mutuwa. In an ce hawa na huɗu ko na biyar, kowa ya san ya zauna a gida. A hawa na uku kuwa sama takan yi garau, dusa fara fat, mutum ya ce ai lamba ce ta tsakiya.

Ranar da Aka Ce Mu Kewaya

Rana ta biyar ita ce wadda kowa ke ɗoki. Daga zangon Dix ake hawa ƙololuwar Pigne d'Arolla, kusan mita 3,800, wuri mafi tsawo a duk tafiyar, sa'an nan a gangara zuwa Vignettes. Kwana biyu kafin nan an yi sabuwar zuba, daren da muka kwana a Dix kuma iska ta kwana tana kaɗawa. Da gari ya fara wayewa jagoranmu, wani dattijo ɗan ƙasar mai shekara talatin a sana'ar, ya fita shi kaɗai. Ya daɗe yana kallon ƙololuwa, inda dusa ke tashi kamar hayaƙi, ya dawo ya ce ba za mu hau ba. Za mu bi ta wata 'yar mashiga da ake kira Pas de Chèvres, watau Mashigar Awaki, mu haura tsanin ƙarfe, mu gangara wajen ƙauyen Arolla, mu sake hawa zuwa Vignettes ta ɗaya gefen. Hanya ce mai nisa da gajiya, kuma babu abin da mutum zai ɗauki hotonsa ya nuna a gida.

A cikinmu akwai wani mai allo da ya fi mu duka iya zamiya, ya ƙetaro teku, shekara biyu yana tara kuɗi da hutu saboda wannan mako. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce sanarwa hawa na uku ta faɗa, ba na huɗu ba. Ya nuna ta taga, ga wani ayari can ya riga ya kama hanyar ƙololuwa. Ya ce shi bai zo daga wata uwa duniya don ya hau tsani ba. Dattijon ya saurare shi har ya gama, bai katse shi ba, sa'an nan ya ce, "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ɗan'uwa. Amma ba yau ba." Ya juya ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

Da yamma muka isa Vignettes a galabaice, muka tarar da wancan ayarin tuni sun iso lafiya lau, suna shan miya suna nuna wa juna hotunan ƙololuwa. Mai allo ya dubi jagoranmu, bai ce kome ba, amma kowa ya ji abin da ya ce. Sai bayan cin abinci dattijon ya yi magana. Ya ce mu ƙaddara akwai gangaren da ke cin mutum sau ɗaya cikin ƙetarawa ɗari. Baƙon da ya ƙetare shi sau ɗaya a rayuwarsa kusan kullum zai koma gida lafiya, ya ce wurin ba kome. Shi kuwa kwana ɗari yake yi a tsauni kowane hunturu, kuma bai san ko wane baƙo ne zai kasance a bayansa a rana ta ɗarin ba.

Na daɗe ina juya wannan magana. Likitan da ya warkar da mara lafiya yana da wanda zai nuna. Magini yana da soronsa. Jagoran da ya ce a kewaya ba shi da abin nunawa sai baƙo mai gunaguni, domin haɗarin da aka kauce wa ba ya barin sawu. Isowar wancan ayarin lafiya ba ta nuna sun yi daidai ba, kamar yadda ba ta nuna mun yi kuskure ba. Ta nuna dai ƙyauren bai zame ba a ranar. Masu iya magana sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma ba su faɗa mana yadda bin ta ke da ɗaci ba sa'ad da kake ganin masu yanke sun riga ka isa.

Wani mai bincike Ba'amurke, Ian McCammon, ya nazarci ɗaruruwan haɗurran zaftarewa, ya wallafa sakamakonsa a 2002 da 2004. Ya nuna cewa masu ilmin dusa ma suna faɗawa, kuma tarkunan da ke kama su a cikin zuciya suke: sabo da wuri, da nacin cewa tun da an faro sai an gama, da son burge abokan tafiya, da kwaɗayin dusar da ba wanda ya taka, da ganin wasu suna bi, da kuma bin gwani ido rufe. In mai karatu ya koma kan hujjojin mai allo, zai ga uku daga cikin waɗannan a jere. Mutumin da ya biya kuɗin jirgi, ya ƙidaya kwanakin hutunsa, ba zai iya yi wa kansa alƙalanci ba. Yana bukatar wani wanda ƙololuwar ba ta dame shi ba, domin ya hau ta sau hamsin, kuma in yana raye zai sake hawa mako mai zuwa.

Jagora Ba Laya Ba Ne

Sai dai kada a ɗauka cewa duk wanda ya bi jagora ya tsira. Tarko na ƙarshe a jerin McCammon jagora kansa ya shafa. A wannan hanya da muka kauce wa, ranar 29 ga Afrilu 2018, guguwa ta rutsa da mutum 14 da suka taso daga Dix za su Vignettes, goma daga cikinsu ayari guda ne mai jagora. Hazo da iska suka rufe su har ba su ganin gabansu, suka kwana a fili. Da aka same su washegari, 'yan ɗaruruwan mita ne kawai tsakaninsu da zangon. Mutum bakwai suka rasu, har da jagoran. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, su kuwa ko Dalar ba su samu gani ba.

Ba nawa ba ne in yanke wa mamaci hukunci. Abin da na ɗauka daga wannan masifa shi ne, jagora ɗan Adam ne, kuma akwai kaya a kansa da baƙo ba ya gani. An riga an kama masa gadaje a zango na gaba, baƙinsa suna da ranar tashin jirgi, abincinsa kuma ya dogara ga su koma gida su yabe shi. Kowace fuska da aka ɗaure masa da asuba ƙarin nauyi ce a kan ma'aunin da yake aunawa. Saboda haka baƙo ma yana da nasa aikin. Ya binciki shaidar jagora kafin ya biya. Ya faɗi gaskiyar iyawarsa, kada ya ƙara gishiri. Ya bar kwana ɗaya ko biyu rara a cikin shirinsa. Ya karanta sanarwar haɗari da ta yanayi da kansa, ya yi tambaya in ya ga abin da bai kwanta masa ba, ko da kuwa shi ne ƙarami a ayari. Fiye da kome, ya sauƙaƙa wa jagora faɗin "ba yau ba".

Kammalawa

Rana ta shida iska ta kwanta. Muka haura mashiga uku, muka gangara doguwar gangara a ƙarƙashin Matterhorn har Zermatt, mu bakwai yadda muka taso. Amsar tambayar da na faro da ita ke nan a ganina. Hanya dai yanzu kowace wayar hannu tana iya nuna ta. Abin da gwanaye ke biya shi ne idon da ya shekara talatin yana karatun dusa, da bakin da zai iya hana su abin da suka zo nema, alhali su ne suka biya shi.

Na san da wuya yawancin masu karanta wannan mujalla su taɓa ɗaura katakan zamiya. Amma kowane ɗalibi a cikinmu ya san yadda ake ji sa'ad da ya kai babin da ya sha wuya a kai, malami ya duba ya ce a koma a sake, alhali ga wani can an sa masa hannu ya wuce. Ban ce kowane malami ya yi daidai a kowane lokaci ba, kamar yadda ban ce kowane jagora ya yi ba. Na dai ce mai iya rubutu, kamar mai iya zamiya, shi ya fi kusa da gangaren da ke zaftarewa.

Daga ƙarshe, kalmomin da na yi amfani da su, irin su zamiyar gida da zamiyar dawa, da katakan zamiya, da daskararren kogi, shawara ce kawai na kawo. Gidajen rediyo na Hausa suna ba da labarin waɗannan wasanni da haɗurransu kowane hunturu, kowa da irin tasa fassarar. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su auna su, wadda ta zauna a baki a riƙe ta, wadda ba ta zauna ba a kawo wadda ta fi ta a fitowa ta gaba.